Hoton Ɗan Dako

"Hajiya, goge shi! Yanzu, a gabana!"

A tashar mota ne, ina kan benci ina jiran mota ta cika. Wani ɗan dako ne ya tare wata dattijuwa mai waya a hannu.

"In goge me, ɗana?"

"Hoton da kika ɗauke ni makon jiya, ina ɗauke da buhu biyu. An ce kin sa a shafinki."

"Af, ashe kai ne! Shekara goma ina ɗaukar hoton duk tafiyar da na yi. Alhajina ba ya iya tashi, sai in koma in nuna masa duniya. Ban taɓa samun mai kyan naka ba. Mutum dubu suka yaba."

"Dubu? Na shiga uku! Surukina fa ya ɗauka a ofis nake aiki."

"To, duba tukuna kafin ka suma."

Ya karɓi wayar, ya ƙura wa hoton ido.

"Wannan ni ne? Kai, ji ƙirji! Buhu biyu, ko sunkuyawa ban yi ba."

"Alhaji ya ce a wanke shi a rataya masa a falo. In goge?"

"Dakata, Hajiya. Fara turo mini."

Sai ga wani dattijo ya sauko daga mota, yana duba wayarsa, yana duba fuskar ɗan dakon.

"Surukina," ɗan dakon ya raɗa.

"Kai, ma'aikacin ofis," in ji dattijon, "zo ka ɗaukar mini jakata. Muna da magana."