Bargon Ntate Ralebitso a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Motebang: Alo? Filin zamiyar ƙanƙara na kan dutse, Motebang ke magana.

Ralebitso: Wane Motebang? Na gidan Khoabane, mai gyangyaɗi a bencin baya?

Motebang: Kai! Ntate Ralebitso! Malam, ashe kai ne? Barka da yamma.

Ralebitso: Barka kadai. Ina gajiya?

Motebang: Babu gajiya, Ntate. Yaya gida? Yaya sanyi a Hlotse?

Ralebitso: Lokacinsa ne. Yaya mahaifiyarka da ƙafarta?

Motebang: Da sauƙi, har tana zuwa coci da kanta. Yaya Mpolokeng? Na ji auta za ta tafi gidan miji.

Ralebitso: Tana lafiya. Matarka da yara?

Motebang: Duk lafiya. Yaya ƙugun? An ce mini ranar Asabar ka...

Ralebitso: Ƙugun yana inda dutsenku ya bar shi. To, mun gaisa. Gyara tsayuwarka, magana ce da ni.

Motebang: A tsaye nake, Ntate.

Ralebitso: Kun sa an yi shela a rediyo cewa kun buɗe, dutse ya yi fari fat da dusar ƙanƙara. Haka ne ko ba haka ba?

Motebang: Ai ka san masu talla...

Ralebitso: E ko a'a?

Motebang: E, Ntate.

Ralebitso: Na tara tsofaffin malamai, muka cika mota, muka hau hanyar dutsen Moteng har injin yana tari. Me muka tarar? Ciyawa busasshiya, duwatsu, da wani siririn zirin fari daga sama zuwa ƙasa, kamar an ja buhun garin masara mai huda. Wannan ne fari fat?

Motebang: Farkon lokaci ne, Ntate. Sama ba ta ba mu komai ba tukuna. Ƙanƙarar da ka gani ma ta inji ce, shi kuwa ba ya fesawa sai ruwa ya daskare. Ga iskar ɗumi ta...

Ralebitso: Ni kake koya wa yanayi? Ni na zana maka gajimare a allo! Ba darasi na kira nema ba. Ina bargona?

Motebang: Ina wa? Layin yana rawa, Ntate.

Ralebitso: Bargona! Yarinyarku mai ɗaura wa mutane katako a ƙafa ta ce ba a zamiya da bargo, zai harɗe ni. Ni da ko jarrabawar ƙasa da bargo na tsare ta! Na cire, na rataye a shingen gefen rumfarku, ta ba ni wata riga mai kumburi kamar ta ɗan sama jannati. Daga nan na faɗi, aka ɗauke ni ranga-ranga zuwa mota. Sai da muka kai garin Butha-Buthe na ga ba bargo.

Motebang: A shingen gefen rumfa ka ce?

Ralebitso: Haka na ce.

Motebang: Ta wajen da aka tara wasu barguna?

Ralebitso: Akwai wasu tsummokara a wurin, e. Nawa toka-toka ne mai zanen masara, da faci a kusurwa ɗaya, ɗinkin jan zare. Alo? Motebang? Ka mutu ne?

Motebang: Ina nan, Ntate. Jan zare ka ce?

Ralebitso: Ka gan shi kenan.

Motebang: Na gan shi. Yana nan lafiya. Ba wanda zai iya sace shi.

Ralebitso: Madalla. Ka ba direban motar safe.

Motebang: To, a nan gizo ke saƙa. Ntate, ka san wurin da ka faɗi? Inda dutse ya leƙo?

Ralebitso: Ƙuguna ya san shi.

Motebang: Bayan tafiyarku shugaba ya ce kada wani ya sake faɗuwa a nan. Idan ƙanƙara ta yi ƙaranci, abin da muke yi shi ne mu shimfiɗa ciyawa da tsofaffin barguna a kan dutsen, sannan mu kwaso ƙanƙara daga inuwa mu lafta. Bargon yana hana ɗumin dutse cinye ta daga ƙasa. Wajen makiyaya muke sayen tsofaffin, mu tara su a shinge...

Ralebitso: Dakata.

Motebang: Na dakata.

Ralebitso: Kana gaya mini bargona yana ƙarƙashin ƙanƙara?

Motebang: Shi ne ma na sama, Ntate. Ya fi sauran kauri.

Ralebitso: Mutane suna bi ta kansa?

Motebang: Tun Lahadi ba wanda ya faɗi a wurin. Kowa yana yabawa.

Ralebitso: Yabawa! Bargon da marigayiya matata 'M'e 'Mampolokeng ta saya mini! Facin nan da hannunta ta yi shi, idonta ma ya fara dushewa. Shi ka kalla ka ce na makiyayi ne?

Motebang: Ba ni na ɗauko ba, amma gaskiya ya ɗan kwana biyu, Ntate...

Ralebitso: Kai ma ka kwana biyu, an binne ka? Saurara. Ranar Asabar mai zuwa mutanen Pitseng za su zo maganar shanun auren Mpolokeng. A cikin bargon nan na zauna aka yi na yayyenta duka. Uwarta ba ta nan, bargon ne zai zauna a madadinta. So kake in karɓi surukai cikin rigar ɗan sama jannati?

Motebang: Ntate, ka yi haƙuri. Zan saya maka sabo dal, mai masarar, har da babban fil ɗinsa.

Ralebitso: Da jan zaren wa?

Motebang: To... babu.

Ralebitso: Ɗauki shebur ka tono shi yanzu, ina kan layi.

Motebang: Nan ne wuri mafi ƙanƙanta a duk zirin. In na tona, ya rabu biyu, an rufe filin. Ga baƙi sun tsallako iyaka sun cika ɗakuna. Mu duka gida za a tura mu, har yarinyar da ta ba ka riga.

Ralebitso: Ita kam ta cancanta. Ta yaya kuka shimfiɗa shi?

Motebang: Na'am?

Ralebitso: Layukan bargon! A tsaye suke, suna bin gangare, ko a kwance?

Motebang: A kwance, ina ji. Ta haka ya fi rufe dutsen.

Ralebitso: A kwance! Kai Mosotho, haifaffen ƙasar nan, da gemunka, ba ka san layin bargo a kwance yana tauye girma ba? Kakarka ba ta taɓa murɗe maka kunne a kan haka ba? Shi ya sa ƙanƙararku ta ƙi ƙaruwa!

Motebang: Wataƙila, Ntate. Amma ji wata dabara. In iskar ɗumin nan ta kai Alhamis, wurin zai narke da kansa, dole mu rufe. Ni da kaina zan ciro shi, matata ta wanke, in kawo maka har gida ranar Jumma'a.

Ralebitso: Wato yanzu ni ne zan zauna ina roƙon rana?

Motebang: Ai malami addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Ralebitso: Kada ka yi mini daɗin baki. Da ruwan sanyi za a wanke shi, ba a matsewa, a shanya a inuwa. Maimaita.

Motebang: Ruwan sanyi, ba a matse... Tsaya, Ntate. Me suke wa ihu? Kai, Tankiso, mene ne? Da gaske? Ntate! Ntate, ta sauko!

Ralebitso: Wa ta sauko?

Motebang: Ƙanƙara! Ta sama, ta gaske! Manya-manya kamar gashin tunkiya! Ko rumfar ba na gani!

Ralebitso: Hana ta!

Motebang: In hana wa?

Ralebitso: Ka rufe wurin da leda! Ka kafa sanda a kai!

Motebang: Ntate, ai abin da ka kira kana nema ne. Dutse zai yi fari fat. Irin wannan in ta zauna, sai Agusta.

Ralebitso: Agusta? Asabar na ce maka! Ka nemo shebur biyu, gobe ina tafe.

Motebang: Hanyar Moteng za ta rufe kafin gari ya waye, mota ba za ta hau ba.

Ralebitso: Dokin maƙwabcina ba ya tari.

Motebang: Da wannan ƙugun? Kuma me za ka yafa a hanya?

Ralebitso: Rigarku mai kumburi, tana nan ban mayar ba! Kuma ka gaya wa shugaban naku, idan na iso zai tsaya a gaban kowa, hannu a baya, ya bayyana mini da bakinsa yadda aka yi bargon matata ya za...

Motebang: Alo? Ntate? Alo? Tankiso, bar rawar nan, zo! Ka tuna daidai inda muka sa mai jan zaren?