Baƙon da ya yanki cinyar surukaina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan an yi Sallah lahiya. Daga Dogarawa nike rubuto maka, don tun ranar Layya na kasa zaune na kasa tsaye.

Kowa ya san al'adarmu: ranar Sallah kayan ciki aka ci, rago kuwa a banƙare shi bakin wuta, sai wanshekare a raba. Ɗan ƙanen babana, tashin kudu, ya zo muna Sallah. Matata ta aje mishi soyayyar hanta, ya ce shi bai cin kayan ciki. Kafin in dawo gaida maƙwabta, ya sa wuƙa ya yanke rabin cinyar da nika kai ma surukaina kowace shekara.

Na yi mishi magana, yayana ya ce na kunyata gida, ba a hana baƙo nama. Matata kuma ta rantse ba ta kai guntuwar cinya gidan ubanta. Baƙo ya tahi da hushi, cinya na nan rataye.

Masu saurare, wa zan fara ba haƙuri? Ni mai ragon, ko tsoka ban ɗanɗana ba.