Akwatin Farko a Jeri

A tashar Zuru, muna jiran motar Birnin Kebbi ta cika, wani tsohon soja ya leƙa littafin ɗalibar da ke zaune gefensa.

"'Yata, waɗannan akwatunan da kika zana a jere fa?"

"Karatun kwamfuta ne, Baba. Kowane akwati da lambarsa, sai a zuba suna a ciki. Shi na faɗi a jarrabawa, zan koma in sake."

"Me ya kayar da ke?"

"An ce mu sa kwamfuta ta kira duk sunayen. Na fara ƙirga daga ɗaya, ita kuwa daga sifili take farawa. Sai na tsallake na farko."

"Na farko shi ne sifili?" Ya yi dariya. "Wallahi wanda ya ƙera abin nan ɗan fari ne. Ni na yi noma, na shiga soja, ƙannena suka yi boko. Yau in ana zancen mutanen gidanmu, daga ƙanena Bitrus ake farawa."

"Kamar Yaya Ebenezer. Ya bar makaranta saboda ni, yana noma a Dabai."

"Ya san kin faɗi?"

"Na gaya wa Mama da ƙawayena. Shi kunyarsa nake ji."

"To, kin sake tsallake na farko ke nan."

Ta jawo jakarta.

"Baba, gobe ma akwai mota, ko?"

"Akwai. Ga 'yan kabu-kabu can, su kai ki Dabai. In ya yi faɗa, ki bar shi ya gama. Mu 'yan fari faɗan ma daɗi yake mana, in dai an zo an gaya mana."