Zanen Zumuntata Yana Cikin Taɓon Jidda

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Ku amsa a hankali don Allah, kun san bangon gidan nan ba shi da kauri, maƙwabcin da ke hawan ƙasa kuma ba ya barcin safe.

Ga waɗanda suka zo sabo, sunana Saratu, ina kitso a gida a unguwar Bani Malik. Maigidana Bitrus, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ga shi can a kusurwa yana ƙirga tayil. Ya ba ni izini in faɗi abin da zan faɗa. Ko bai bayar ba ma, da na faɗa.

'Yan'uwa, na auri mutum mai son taɓo.

Ku yi dariyarku, ni ban yi ba. Wata mijinta giya, wata caca, wata ƙwallo, ni kuwa nawa rabon laka! Duk ranar da ya samu hutu sai ya ce zai je aiki bayan gari, ya dawo motar tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da na matsa masa, sai ya zaunar da ni ya ce tun yana yaro a fadamar garinsu yake jin wani irin daɗi idan taɓo ya riƙe shi har ƙugu. Wata sha'awa ce da ba zan fassara ta a gaban yara ba. Wai akwai irinsa da yawa a intanet, har shawara suke ba sababbin shiga. Yana da wani aboki da suke zuwa tare kudu da gari, wurin da ƙasar gishiri ta haɗu da teku, ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya da igiya.

Na ce, "Baban Hannatu, mun baro ƙasarmu, mun bar 'yarmu wurin kaka, mun sha wahalar kafili mai tsaya mana da iƙama, takardar zama, duk don ka zo Jidda ka yi wanka irin na alade?"

Ban tsaya wata-wata ba. A bayan motarsa na samu faffaɗan katako, da doguwar igiya, da wasu matsattsun kaya marasa nauyi. Na kwashe su duka na kai bola. Na ja shi gaban Baba Ayuba, dattijon zumuncin nan, ga shi zaune, shi ne shaida. Bitrus ya ɗaga hannu ya rantse da sunan Yesu cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka taɓo ba har ya mutu. Ni na zaɓa masa kalmomin, shi maimaitawa kawai ya yi.

Amma raina bai kwanta ba. Na ga mutumin ya zama shiru-shiru, ya zauna yana kallon bango. Na ce lallai akwai ruhu a wurin taɓon nan da ke kiransa, sai na je da kaina na ɗaure shi. Na yi azumi. Wata safiyar Asabar na ɗauki man zaitun na shafewa, na ɗaura zanen zumuntar mata, sabo fil, don na ce yaƙi ne, soja kuma ba ya fita ba kaki. Na ɗora abaya a kai. Na kuma sa dogon takalmin roba irin na masu wankin mota, wanda na saya musamman saboda tafiyar.

Da ya gan ni a bakin ƙofa, na ce ya kai ni wurin taɓon, sai ya dafe kai.

"Maman Hannatu, cire takalmin nan. Shi taɓo yake fara kamawa, ba ya sakinsa. Zani da abaya kuma idan suka sha laka, nauyinsu ya fi naki. Mu da muka san wurin ma, kaya marasa nauyi muke sawa, masu kama jiki."

Na ce, "Sannu malamin taɓo. Wato in sa matsattsun kaya in je addu'a? Tuƙa mu tafi."

Duk hanya bai yi shiru ba. Kada ki yarda da saman ƙasar, ɓawon gishiri ne, ƙarƙashinsa ruwa-ruwa. Kada ki yi nisa da mota. Idan ƙafa ta nutse kada ki yi harbe-harbe. Ni kuwa ina ta tsawata wa muryar Shaiɗan a zuciyata. Da muka isa na ce masa, "Ka zauna nan. Ka tuna ka rantse."

Wurin shimfiɗe yake, fari tas, busasshe kamar tsakar gida. Na ce a raina, wannan ne abin tsoron? Na fara tafiya ina yayyafa mai ina umurni. Na ji yana kirana daga baya, na ƙara sauri. Addu'a ta yi daɗi, murya ta buɗe, na ɗaga ƙafa na buga ƙasa na ce, "Na taka kanka!"

Sai ƙasa ta fashe.

Kafin in ce Yesu, ina ciki har gwiwa. Na ja ƙafar dama, ta hagu ta tafi. Na ja ta hagu, na kai cinya. Na yi harbe-harben da aka ce kada in yi, na yi iyo, na yi duk haukar da mutum zai iya, sai ga ni har ƙugu. Baƙar laka ce mai ɗumi, mai wari, ta matse ni kamar an zuba mini siminti. Kwalbar man ma ban ga inda ta shiga ba. Rana ta fara dukan abayata. Iska kuma ta juya, na hango ruwan teku yana malalowa a hankali ta kan farin filin, yana nufo ni.

Na tuna Hannatu. Na ce wa zai gaya wa yarinyar nan cewa uwarta ba haɗarin mota ta yi ba, ba ciwo ba, taɓo ta je yi wa addu'a ya haɗiye ta? Na fashe da kuka.

Na waiga, ga Bitrus a bakin busasshiyar ƙasa yana kai da komo, hawaye a fuskarsa, rungume da dardumar da muke zama a kai idan mun je bakin teku.

Na ce, "Me kake jira?"

Ya ce, "Kin sa na rantse da sunan Yesu!"

Jama'a, ku ji mini mutum! Shekara da shekaru yana shiga taɓo ba wanda ya aike shi, yau da matarsa ke mutuwa a ciki ya zama mai tsoron Allah! Haushi ya kusa kashe ni kafin lakar. Na buɗe baki zan zage shi, sai na fasa, don na tuna wa ya ɗaura masa rantsuwar, wa kuma ya kai katakon da igiyar bola.

A nan ne na yi addu'ar gaskiya ta farko a ranar. Ba umurni, ba tsawa. Na ce, "Ya Yesu, na zo in nuna ƙarfi, ga ni kamar turmi a cikin laka. Ka cece ni yadda ka ga dama, ko ta hannun wa." Sai na ji zuciyata ta kwanta, kamar an dafa kafaɗata.

Na ce, "Baban Hannatu, ni na ɗaura, na kwance. Shigo. Yesu ya san abin da ake ciki."

Ai ban gama rufe baki ba. Ya shimfiɗa dardumar, ya jera tabarmin ƙafa na mota, ya kwanta rub da ciki yana jan jiki zuwa wurina, igiyar jan mota a wuyansa. Ihuna kuma ya jawo wani dattijo da ke kamun kifi can gefe, Bahaushe haifaffen unguwar Ruwais ta nan Jidda, daga baya muka ji sunansa Ammi Usman. Shi ya riƙe ɗaya bakin igiyar.

Bitrus ya ce, "Cire abayar. Yanzu kwanta da baya."

Na ce, "In kwanta? A cikin wannan ƙazantar?"

"Kwanta, ki baje hannuwa. Muddin kina tsaye, ƙasa za ki yi."

Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba. Duk jikina yana cewa ki miƙe, ki yi kokawa. Na rufe ido na kwanta. Laka ta shiga kitsona, ta taɓa kunnena. Sai na ji na daina nutsewa. Ya ce in riƙa motsa ƙafa a hankali a cikin takalmin har ta zame. Ƙafa ɗaya ta fito, takalmin ya zauna. Ta biyu ma haka. Ruwa ya riga ya iso, ina jin sanyinsa a ƙeyata.

Saura zani. Ya sha laka ya naɗe mini cinya, ya ƙi sakina. Na riƙe shi da hannu biyu na ce wannan kam ba zan bari ba, na zumunta ne, ga kuma baƙon namiji a tsaye.

Ammi Usman ya ɗaga murya. "Ya ukhti, 'yar'uwata, halas, ya isa, saki zanen! Moya tana zuwa, ruwa zai ci ki. Wallahi na juya baya, ba na ganin komai. Yalla, yi sauri!"

Da gaske kuwa ya juya, ya ɗora igiyar a kafaɗa yana ja kamar mai jan amalanke. Na saki. Suka ja ni a kan dardumar nan, na fito da ɗan siket na ciki da riga, baƙa ƙirin, ba takalmi. Dattijon ya kwance rawaninsa ya miƙo ta baya, har muka rabu bai dube ni ba. Allah ya saka masa da alheri, shi da zuriyarsa.

Muka shiga mota muka kama hanya. Can Bitrus ya ce, "Da ma na ce ki cire takalmin." Na ce idan ya ƙara faɗa, zan koma ciki da kaina.

Za ku tambaye ni ko ya rabu da abin. Ya ce tun da ya ga fuskata a cikin lakar nan, warinta ma tayar masa da zuciya yake yi, bai kuma koma ba. Na gode wa Allah, ina ci gaba da addu'a. Har yau ban gane wannan sha'awa ba, ba na kuma jin zan gane. Amma na je kasuwa na sayi katako da igiya na mayar bayan motar. Na ce masa, ranar da abin ya taso, ka gaya mini da bakinka mu durƙusa tare. Idan kuma ka fi ƙarfin addu'ata, to ba za ka je kai kaɗai a ɓoye ba.

Ina ɗaukaka sunan Yesu da ya fitar da ni da raina, ya bar wa Hannatu uwarta. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ban san abin da ya riƙe ka har ƙugu a garin nan ba. Ka dogara gare shi. Idan ya ce kwanta, ka kwanta. Idan ya ce saki, ka saki, ko da sabo ne fil.

Mama shugabar mata, na ga kina kallona tun ɗazu saboda ban sa zanen zumunta ba. Yanzu kin san inda yake. Mai so ya je ya ɗauko, ni dai na gode Yesu. Amin.