Ƙofar Da Na Bari A Arfa

Saniyar mahaifiyata ce ta kai ni Makka. Ita ta ce a sayar, ni kuwa ko musun kunya ban yi ba. Na tafi da sunan Umara, na zame na zauna. Ku ajiye wayoyin nan, tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake ɓata rai in an ce mini Alhaji.

Wanda ya karɓe ni a unguwar Tandabawi wani dattijo ne mutumin Maraɗi, Baba Idi, mai gyaran takalma. Ya fi shekara ashirin a can ba takarda, kuma burinsa ɗaya ne a duniya, ya mutu a Makka a binne shi a ƙasarta. Ranar da mai gidan da yake haya ya ga takalmana a bakin ƙofa ya hau faɗa, wai ɗakin na mutum ɗaya ne. Baba Idi ya ce masa ni ɗansa ne.

"Ɗanka, da wannan gemun?"

"A garinmu da shi ake haihuwarsu."

Shi ya koya mini gane jawazat, masu kamen marasa takarda, waɗanda nake kira jawazai har ya gaji da gyara ni. Aikina wankin tukwane ne a wani gidan abinci a unguwar Utaibiyya. Amma fa na ari farar jallabiya, na tsaya a gaban kantin turaren wani, aka ɗauke ni hoto, na aika gida na ce nawa ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Hajji ta ƙarato muka samu aikin sabil, wato abincin sadaka da masu hali ke saya a raba wa alhazai daga bayan tirela ranar Arfa. Mai kwangilar sunansa Faisal, jikan wani Bakano, haifaffen can, Hausarsa kamar an tauna an tofar. Ya yi karatu a Amurka, ya kwaso wata cuta: ƙwallon ƙwararrunsu, wadda ake runguma a ƙirji ana gudu, ƙarti sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. A rabon bara jama'a sun kifar masa da tebura, don haka ya tara mu goma sha ɗaya a falonsa, ya kunna talabijin, ya ce yau zai koya mana difa, wato tsaro. Na ce a raina, yau ga wanda boko ya taɓa wa kai.

Ashe da hankali a abin. Ya tsayar da hoton, ya jera dabino a kan darduma. Huɗu a gaba, su ne manya masu nauyi, aikinsu su toshe layi kada a ture su. Uku a bayansu, masu ido da sauri, su ke karanta inda za a ɓullo. Huɗu a can baya, biyu a gefe biyu a tsakiya, su ne na ƙarshe, in an wuce su an ci. Sunan tsarin huɗu-uku. Ya ce wasu kan juya shi uku-huɗu, in kuma an san jefa ƙwallon za a yi sama sai a cire mutum ɗaya a tsakiya a ƙara a baya. Amma asirin duka ɗaya ne. Tsakanin kowane ƙato biyu na masu kawo hari akwai rata, ya kira ta ƙofa, kuma kowace ƙofa da mai ita. Masu harin za su yi kamar sun yi dama don ka bi su, sai mai ƙwallon ya bi ta inda ka tashi. Ba a barin ƙofa sai da umarni, kuma sai an san wanda zai rufe ta.

Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Inta, ƙofa naka, ba ka bari. Ko sama ya faɗi."

Muka yi ta dariyar Hausarsa. Ya sa ni cikin ukun tsakiya, ɓangaren hagu. Baba Idi kuwa, saboda tsufa, aka sa shi can baya kusa da tirela, inda aka ce ba wahala.

Wallahi ranar Arfa abin ya yi aiki. Rana tana dukan kai, jama'a kamar ƙasa, amma huɗun gaba sun haɗa kafaɗa da shingen ƙarfe, mu muna sakin mutane kaɗan-kaɗan, na baya suna miƙa kwalin shinkafa da ruwa suna nuna hanyar fita. Har na fara jin kaina wani abu.

Bayan azahar sai na hango Malam Garba, limamin unguwarmu, cikin haraminsa, yana matsowa daidai ƙofata. Mutumin da aka kai wa hotona ya sa albarka. Ga ni cikin rigar leburori mai ruwan lemo, gumi har gwiwa. Ban yi shawara da kowa ba. Na sunkuyar da kai, na zame ta gefen tirela, na laɓe bayan kwalayen ruwa. Na ce minti biyu kawai, ya wuce in dawo.

Jama'a kuwa kamar ruwa suke, inda suka ga rata nan suke bi. Ina laɓe na ji ƙarar shinge, na ji salati. Da na fito, an danne Baba Idi a jikin tirela, ƙugunsa ya karye.

Motar asibiti ta ɗauke shi. Sun yi masa magani tsakani da Allah, amma daga gadon asibiti sai tarhil, gidan da ake tara marasa takarda kafin a mayar da su ƙasarsu. Ni kuwa na ce wa kowa turo ni aka yi.

Na manta cewa masu wannan ƙwallon suna da wata al'ada. Bayan kowane wasa sai a zauna a kalli hoton, a ga inda kowa ya tsaya. Faisal ya ɗaura kyamara a saman tirela. Bayan Sallah ya tara mu a falon nan, ya kunna, ya tsayar, ya ƙirga mu da yatsa a cikin hoton, mu goma kawai. Ya mayar baya. Kowa ya ga ba wanda ya taɓa ni, da ƙafata na tafi. Kuma aka ga Baba Idi ya waiga, ya bar inuwarsa, ya tako da sauri ya tsaya a wurina ya buɗe hannuwa. Faisal bai zage ni ba, da ma ya zaga. Kashe talabijin ɗin kawai ya yi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Ban ƙara wata uku ba na kai kaina wurin jawazat. Na dawo da jaka ɗaya da butar zamzam. Malam Garba ya zo yi mini barka, ya ce ai ya gan ni a Arfa, har ya ɗaga mini hannu, yana murna ɗan unguwarsu na ciyar da baƙin Allah, sai ya neme ni ya rasa. Kun ji abin da na guje wa.

Sai da na shekara kafin na iya zuwa Maraɗi. Na sami Baba Idi a zaure, sanda a gefe, yana ɗinkin wani silifa. Na durƙusa zan fara bayani ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya ga tafiyata tun a lokacin, kuma ba abin da ya yi sai abin da aka koya mana, na baya shi ke rufe ƙofar da aka bari. Na ce to burinsa fa, na kwanciya a Makka? Ya ja zare ya ƙulle.

"Na riga na nuna wa mutanen gida inda za su binne ni a bayan gari," ya ce. "Miƙo mini almakashin nan, ɗana."