Sati Uku da Na Ƙi Zuwa Wurin Mama Rifkatu

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu mai cetonmu. Sunana Saratu, daga Gidan Dahala. Kun san ni, kun kuma san bakina, to yau kaina zan fara yi wa faɗa kafin in zo kanku.

Ga waɗanda ba su sani ba, Mama Rifkatu gwauruwa ce a cikin ikilisiyarmu. Mijinta ya yi aiki a Kalambaina har ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, ita kuma ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta iya juya kanta a gado. Kusan shekara guda ni nake zuwa kowace safiya kafin in buɗe shagon ɗinkina, in yi mata wanka, in canza shimfiɗa, in juya ta. Kowa yana cewa Saratu baiwar Allah ce, ni ma har na yarda.

Kun san al'adarmu ta zumuntar mata. Ƙarshen kowane wata, sakatariya takan tashi a sujada ta karanta sunayen waɗanda suka ziyarci marasa lafiya, a tafa musu. Wata Lahadi ta karanta suna goma sha wani abu. Har da matan da ke zuwa ranar Alhamis cikin anko, su yi waƙa biyu, su ɗauki hoto da tsohuwa, su kama gabansu. Sunana babu! Ni da nake wanke kashi da fitsari da hannuna!

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, to masu anko su je su yi wankan mu gani. Na daina zuwa, ban kuwa gaya wa kowa ba, don ina so su gane da kansu su zo su ba ni haƙuri. Na zauna kan kekena ina ɗinki ina cika ina batsewa, ina jiran waya. Sati uku, ko kare bai neme ni ba.

Wata Talata na je sayen zare ta Sama Road, sai na yi kiciɓis da Inna Hajo, Musulma, maƙwabciyar Mama Rifkatu, tsohuwa ita ma. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

Ta ce, "Ke Saratu, mi yah hana ki zakuwa? Ni ka ba tsohuwag ga hura, amma ban iya ɗaga ta ni ɗai. Bayanta duk ya ɓaci. Haka addininku yac ce a yi?"

Nan take na bar zancen zaren. Na tari mai babur na nufi gidan Mama Rifkatu.

Warin ɗakin ne ya fara tarye ni. Da na juya ta, 'yan'uwa, gyambo ne a ƙugunta kamar tafin hannuna, yana ruwa. Fushina ne ya haƙa wannan rami a jikin baiwar Allah da ba ta san ma an karanta wasu sunaye ba. Ina jiran ta zage ni. Sai ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, "Ɗiyata, kin warke? Na ce lalle ciwo ne ya kwantar da ke. Kullum ina yi miki addu'a."

Wayyo! Nan na durƙusa a gaban gadon na fashe da kuka. Na ce, "Ya Yesu, ashe ba kai nake yi wa hidima ba, tafi nake nema. Kai ka wanke ƙafafun almajiranka, har da na wanda ya bashe ka, ba ka jira a gode maka ba. Ka gafarta mini, ka cire mini wannan mugun son yabo, kada kuma ka bar tsohuwar nan ta mutu saboda girman kaina." Na gaya wa Mama Rifkatu gaskiya duka. Sai ta ce in tashi in ɗora ruwan zafi.

Wata 'yar'uwa nas ta koya mini wanke gyambon. Wata biyu muna fama, wani lokaci zazzaɓi ya rufe ta har in fid da rai. Yau ciwon ya rufe sarai. Halleluya! Tabon yana nan, ina ganinsa kowace safiya, kuma ya kamata in gan shi.

Yanzu gare ku, matan zumunta. Sau uku kuka je gidan nan a cikin satin ukun, kuka rera waƙa a kanta, ba wadda ta ɗaga zane ta duba! Ba ku ji warin ba? Abin kunya ne gare mu duka, ni ce kuma gaba a laifin.

Na gode wa Ubangiji da ya kuɓutar da ni daga kaina, ya kuma raya Mama Rifkatu. Ku dogara gare shi, yana ganin abin da sakatariya ta manta. Muna hidima ne domin shi ya fara ƙaunarmu tun muna cikin ƙazantarmu. Akwai wani a layinku da ba ya iya juya kansa a gado. Ku je ku juya shi, cikin sunan Yesu. Amin.