Wata Ukun da Rukaiya Ta Tsare Ƙofa

Da sunan Allah Mai rahama. Mai girma Magajin gari, Mai gari, Malam Liman, malamai abokan aikin marigayi, iyaye da 'yan'uwa, sai ke Rukaiya, matar marigayi, da ke ji daga cikin gida: assalamu alaikum.

Ni ne Hashimu, ƙanen Lamine, wanda kuke kira Mushe, wato malamin boko. Yau kwana arba'in da muka rufe shi nan Korgom, tare da ƙodata ta hagu. Shekara goma sha ɗaya tana jikinshi.

Ya kasance malamin da ya koya wa rabin taron nan karatu. Ya kasance mai bin rugage a kan babur, yana roƙon iyaye su saki yara su zo aji. Ya kasance mutumin da bai iya cin tuwo shi kaɗai ba, in babu baƙo sai ya fita hanya ya nemo.

Da aka yi mana aikin dashe a Kano, likita ya ce mun taki sa'a: jininmu ya dace, ƙodar ba ta daɗe a waje ba, fitsari ya zo tun ranar farko. Ya ce saura biyu, shan magani kan lokaci, da nisantar jama'a wata uku. Maganin yana rage ƙarfin jiki, ko mura tana iya kai shi ƙasa.

To kun san mu da dubiya. Muna sauka gari ya taso, Lamine kuwa ba ya iya cewa a'a. Sai Rukaiya ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure. Ta mayar da Liman. Ta mayar da gwaggonmu da ta zo daga Hawandawaki a amalanke da ƙwaryar nono. Gwaggo ta ce, "Ɗan da na goya za ki hana ni gani?" Rukaiya ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Gara ki yi fushi da ni yana raye."

Muka ce ta raba shi da dangi. Har ni na faɗa, ɗinkina bai ko warke ba. Lamine ya miƙe, ya koma aji, muka koma cin tuwonshi. Ita ba mu koma mata ba. A yi suna, a yi biki, ba a aika mata goro. Ta dafa, mu ci, mu tashi ba sannu.

Bara ya ce mani, "Kai ka ba ni ƙoda, ita ta riƙe mani ita. In na tafi, wa zai zauna da ita?"

Jiya da hantsi na shiga gaishe ta. Babu takalmin kowa a ƙofar ɗakinta sai nata. Na ji kunya.

Rukaiya, mun zalunce ki, ki yafe mana. Iyaye mata, saura mata wata uku ta fita takaba. Ita ba ta da ikon zuwa gare ku, ku ke da ikon zuwa gare ta.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙan Lamine, Ya haskaka kabarinshi, Ya ba iyalinshi haƙuri. Mu kuma Ya ba mu ƙafar dawowa gidan nan bayan an naɗe tabarmi. Amin.